LITTAFI ƊARI KO GOMA SHA BIYU?

'Yan'uwana masu karatu, maza da mata, musamman waɗanda suka dame ni da sallahu suna tambayar yaushe littafina na huɗu zai fito. To yau ga amsa, amma sai kun yi haƙuri na bi da ku ta doguwar hanya, domin maganar tana da tushe.

Tushenta ƙanwata ce da ke aure a Kibiya. Ran nan ta zo Rano gaida Inna, muna zaune a tsakar gida ina tankaɗe, sai ta miƙo mini waya ta ce, "Yaya, duba nan ki sha kallo." Na goge hannu na karɓa, sai na ga jerin sunaye, ina ja yana tafiya kamar ba zai ƙare ba. Ta ce littattafan da ta karanta bara ke nan, guda 104 cif, kuma duk da haka ta biyu ta zo a cikin ƙawayenta, domin akwai wadda ta yi 130. Bana kuma sun sake ɗaura ɗamara, kowace ta faɗi adadin da za ta cinye kafin shekara ta ƙare, wadda ta gaza ta sayi katin waya ta raba wa saura. Ta ce, "Ke da kike marubuciya ai abin kunya ne a ce ba kya ciki. Ki ɗauki ɗari kawai, Yaya."

Na ce to, bari mu gani. Na sa yatsa a kan na 37 na ce ta ba ni labarinsa. Ta ɗan yi shiru, ta ce wani saurayi ne ɗan masu kuɗi, ya dawo daga karatu a waje, ba ya dariya, ba ya kula kowa, sai aka haɗa shi aure da 'yar ƙanin babansa ta ƙauye, ya tsane ta, daga baya ya dawo yana roƙo. Na sa yatsa a kan na 60. Ta buɗe baki za ta fara, sai ta kama dariya, domin shi ma labarin ke nan, sai dai wannan soja ne. Muka yi ta dariya har Inna ta leƙo ta ce lafiyarmu kuwa? Amma da dare ya yi na kwanta sai dariyar ta koma ciki, saboda labarin nan da ta ba ni sau biyu, shi ne labarin littafina na biyu, ba ragi ba ƙari.

Dama akwai miki a wurin, ita fama kawai ta yi. Akwai wani malaminmu na Hausa tun muna sakandare, yanzu ya yi ritaya yana nan cikin gari yana 'yar nomarsa. Da littafina na uku ya fito sai na ba yaro ya kai masa, ina zaune ina jiran a aiko mini da sa albarka. Bayan sati biyu sai ga littafi ya dawo ya sha jan biro, kai ka ce kaza aka yanka a kansa. Na zari hijabi na tafi da ƙafata. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce, "'Yar nan, kin rubuta uku. To nawa kika karanta?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba sa ƙirguwa." Ya ce ai nan gizo ke saƙar. Ya buɗe bangon baya ya nuna mini lissafin da ya yi: mutanen littafina sun sauke ajiyar zuciya sau 53, sun lumshe ido sau 31. Ya ce, "Su mutanen nan naki ba su da sana'a ne? Ba mai zuwa gona, ba mai zuwa kasuwa, sai ajiyar zuciya? Kin kai su Abuja, kin kai su Dubai, kin taɓa zuwa? Na karanta shafi ɗari da wani abu ban ji ƙanshin Rano ko sau ɗaya ba." Wallahi kwana uku na yi ina fushi da bawan Allahn nan. A rana ta huɗu na ɗauko littafin na ƙirga da kaina ko zan kama shi da ƙari, sai na samu 55, ashe ma ya yi mini rangwame.

Ita wannan al'ada ta yanka wa kai adadi a farkon shekara ba a Kibiya aka ƙirƙiro ta ba. Can wajen Turawa ta yi ƙarfi, inda wani kamfanin intanet na masu karatu mai suna Goodreads ya fara shirya ta duk shekara tun 2011, mutum ya rubuta zai karanta littafi 20 ko 52, wato ɗaya kowane mako, na'ura tana ƙirga masa tana gaya masa ko yana gaba ko yana baya. Ban ce babu alheri a ciki ba, domin wanda ba ya karatu sam, in lissafi ya sa shi ya buɗe littafi, an ci riba. Amma duk wanda aka ce da shi buhu nawa ka kawo, ba a ce a kwance bakin buhun a gani ba, to zai cika shi da ƙaiƙayi. Mai neman ɗari ba za ta ɗauki littafi mai nauyi ba, ba za ta koma baya ta sake karanta shafin da ya burge ta ba, kuma ba za ta ajiye littafi ta yi kwana biyu tana tunaninsa ba, saboda ƙawarta tana can tana wuce ta.

Mu kuma namu lissafin ma a karkace yake tun asali. Kowa ya san yadda muke buga littafi: kuɗinka ne, adashinka ne, sai ka raba labari gida biyu ko uku, ka buga na ɗaya, in ya shiga kasuwa kuɗi suka dawo ka buga na biyu. Shi ya sa muke tsayawa daidai inda amarya ta faɗi a sume mu ce sai a littafi na gaba. To wannan ɗaya ne ko uku? Yanzu da abin ya koma waya, labari ɗaya sai ya yi wata huɗu ana sakin sa shafi-shafi, wani kuma a kwana biyu an gama. Da wane mudu za a auna?

Da na zauna na yi tunani sai na ga ai mu ma muna da namu tsarin karatun, wanda ya girmi wancan nesa ba kusa ba. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun zaure, kuma ban taɓa jin an tambaye shi littafi nawa ya karanta bana ba. Tambayar ita ce, ina ka kai? Daga Ahalari sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, mai rabo ya shiga Askari da Muhtasar. Akwai na gaba akwai na baya, ba a tsallake. Ba a ƙara maka sai ka biya na jiya, kuma akwai wanda kake biya wa. Ko mai son sauka a wata guda ya san izu sittin ne, biyu kullum, ba ya cewa bari ya zaɓi gajerun surori don ya riga maƙwabcinsa. Ban haɗa littafin hira da littafin addini ba, Allah ya tsare ni, hanyar kawai na ara. Na ce bana littafi 12 zan karanta, daga tsofaffi zuwa sababbi, kowanne sau biyu, na farko don daɗi, na biyu da biro a hannu. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, duk wanda na gama zan cika shafi guda a kansa, abin da marubucin ya iya da abin da ya kasa, na kai wa Malam na biya. Ya yarda, da sharaɗin ba zan yi fushi ba. Na ce wannan kam sai dai mu gwada.

Kuma ban bi watannin kalanda ba, domin kalanda ba ta san aikin gidana ba. Yanayi na bi. Hunturu dare yana da tsawo, yara suna kwanciya da wuri, don haka na zuba masa littattafai biyar ɗin nan da suka fito daga Zariya bayan gasar da Dokta East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Dukkansu sirara ne, in ka haɗa su ba su kai kaurin labari guda na waya ba. Biyu na riga na gama, su ne ma suka sa na ɗauki biro yau.

Ruwan Bagaja a dare uku na cinye shi. An haifi Imam a 1911, ke nan yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina ya rubuta shi, abin da ya sa na ji kunyar shekaruna. Abin da na rubuta a shafina na farko shi ne sauri. Alhaji Imam ya shiga gari, ya haɗu da Malam Zurƙe, ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, an yi dariya, an wuce gari na gaba, duk a shafi biyu ko uku. Ni kuwa sai na ci shafi biyar yarinya tana wanka tana shafa mai tana zaɓen atamfa, ba a fita daga ɗaki ba. Ga Hausa kamar ana zuba ta daga tulu, ba ya neman kalma, ita ke nemansa. Amma tunda na yi alkawarin faɗin abin da aka kasa, zan faɗa, kada 'yan jami'a su cinye ni. Ruwan da aka fita nema mantawa ake da shi a yawancin littafin, sai can ƙarshe a tuna, aljanu su taimaka a ɗebo a gurguje. Mutanen da ake damfara a hanya kuwa ba mai waiwayarsu, an yi dariya da su an wuce. Mata kuma ba su da bakin magana, ko a aure su ko a yi dabara da su. Na kai wa Malam wannan, ya karanta ya yi murmushi ya ce na fara hankali, amma na rage rawar kai.

Shaihu Umar kuwa ya yi mini abin da ban zata ba. A makaranta don jarrabawa na karanta shi, ina haddace sunayen garuruwa da wa ya sayi wa. Yanzu da na karanta shi ina da 'ya'ya huɗu, ban ga Umar ba sam, uwarsa na gani. Mace ta rabu da ɗanta yana ƙarami, ta bar gida ta bi sawunsa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara hamada da ita, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, sai da ta sa shi a ido sannan rai ya yi halinsa ba da jimawa ba. Duk wannan Tafawa Ɓalewa ya ba da shi cikin sanyin murya, ba kururuwa, ba shafi goma na kuka. Da ni ce da na sa ta suma sau bakwai. Shi bai yi ba, kuma ni da nake karantawa ni na yi kukan, har maigidan ya farka ya ce wa ya mutu? A nan na gane in marubuci ya yi kukan da kansa ya gama, bai bar wa mai karatu komai ba.

Sai dai ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Labarin a bakin Umar aka sa shi, yana dattijo malami a tsakiyar almajiransa, kuma komai a bakinsa haƙuri ne da ƙaddara. Madalla da haƙuri. Amma mutanen da suka kama 'ya'yan mutane suka sayar kamar awaki, ban ji an yi fushi da su yadda ya kamata ba. Sanyin nan da na yaba, a nan ya yi yawa. Kuma uwar nan ita ce ta yi tafiyar da ta fi kowace wuya a littafin, ita ce ba a tilasta wa fita ba, son ɗanta ne ya fitar da ita, amma 'yan shafuka aka ba ta. Da mace ce ta riƙe alƙalamin a 1933 da littafin na uwar ne. Wannan littafin da ba a rubuta ba ya hana ni barci fiye da wanda aka rubuta.

Jiki Magayi ne a hannuna yanzu, kuma ina roƙon duk mai cewa labarin soyayya baƙo ne a Hausa, finafinan Indiya ne suka kawo mana shi, ya nemi wannan ya karanta. Abubakar yana son Zainab, mai dukiya Malam Shehu ya shiga tsakani ya aure ta, wanda aka ƙwace wa ya tafi neman ramuwa, abin ya ƙare a kan ɗan da aka haifa. Auren kuɗi da baƙin cikin saurayi talaka, tun kafin a haifi iyayenmu, kuma da hannun Bature a ciki aka buga aka kai makarantu. Ganɗoki na maza ne, yaƙi da Nasara da kirari da ƙasashen aljanu, zan karanta don Malam ya ce akwai Hausar da ba zan samu a wani wuri ba.

Bazara, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa sai a shimfiɗa tabarma a waje, na ware ta ga Magana Jari Ce. Littafi uku ne, sun fito a ƙarshen shekarun 1930, amma ni ɗaya na ƙirga su, ƙanwata ta ce na yi asarar biyu. Wannan ba ni kaɗai zan karanta ba. Babbar 'yata tana ƙaramar sakandare, ran nan na ba ta wata takarda ta karanta mini sai na ji ba ta bambanta ƙ da k, ba ta bambanta ɗ da d, saboda Hausar waya ta saba gani, wadda ba ta da lanƙwasa ba ta da waƙafi. Don haka ita za ta riƙa karanta mana labari ɗaya kowane dare, yadda aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita. Ni kuma abin da zan sa wa ido shi ne aro. Kowa ya san Imam ya ɗebo labarai da yawa daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa. Amma ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, ya ba su sunayenmu da wayonmu da wautarmu, har yaro ya rantse a bayan garinsu abin ya faru. Mu ma aro muke yi, daga fim ɗin Indiya da na wasu ƙasashe, ba na musu. Bambancin shi ne mu ko wanke kayan ba ma yi, da ƙanshin jikin mai su muke sakawa. Ina so na ga ta ina yake farke ɗinkin, ta ina yake mayarwa.

Watan azumi ban sa komai ba. Tsakanin tafsiri da tukunya da tarawihi, duk matar da ta ce za ta karanta littafin hira ta yi nazarinsa, ko dai tana da 'yan aiki uku ko tana yaudarar kanta.

Damina ma ba ta da sauƙi a gidanmu, gonar maigidan tana can wajen Rurum, ga abincin 'yan ƙwadago kullum. Sirara biyu na ba ta. Na farko So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin NNPC, ba na man fetur ba, na buga littattafai da ke Zariya. Shi ne ƙagaggen labari na farko da aka buga na mace a Hausa. Ku lissafa daga 1934 zuwa 1980, shekara 46 maza suna ba da labarinmu muna daga ɗaki muna ji. Na karanta shi ina yarinya, abin da na riƙe shi ne Boɗaɗo, 'yar Fulani da ta kafe a kan Yasir duk da ba jininsu ɗaya ba. Ina so na koma na ga ko ƙarfin halin nata yana nan yadda na bar shi, ko ƙuruciya ce ta ƙara masa gishiri. Na biyu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Ban taɓa buɗe shi ba, kuma da gangan na zaɓe shi. Alhazan littattafanmu kuɗi ne da su kamar ƙasa, mota goma, gida a kowane birni, amma ba mu taɓa tambayar daga ina ba. Ni kaina na ƙirƙiri Alhaji uku, ban san sana'ar ko ɗaya ba, "harkoki" kawai nake cewa.

In kaka ta yi, aka shiga bukukuwa, sai na dawo gida wajen iyayen gidanmu na wannan sana'a. A nan Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu yake, na 1990. Tsakanina da littafin nan akwai tsohuwar rigima. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali amma cefane sai an yi da gaske, ya auro Delu daga bariki, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, Delu ta watsar da shi, sai aka taru a kan Rabi aka ce ta koma. Ranar da na fara kai wa nan, ina 'yar shekara goma sha shida, jifa na yi da littafin. Na ce wannan wace irin marubuciya ce, ta wahalar da mace tun daga farko, ta tsayar da ita da ƙafarta, sannan ta mayar da ita inda ta fito?

Yanzu da na shekara goma sha huɗu a ɗakin aure, na ga an taru a kan mata da yawa a tsakar gidaje an ce su koma don 'ya'ya, sai na gane Hajiya ba abin da muke so ta rubuta ba, abin da ake yi ta rubuta, kuma ta bar mana ɗacin a baki da saninta. Ga shi littafin yana ƙirga kuɗi: na cefane, na makaranta, na kayan ɗaki. Shi ne ƙanshin da Malam ya ce bai ji a nawa ba. Inda har yanzu ban sallama mata ba shi ne gobarar. Alhaki ya yi saurin kama Alhaji Abdu, ya kama shi daidai lokacin da labari ke bukata. Ni kuwa na san mata a garin nan da aka kora da goyo, shekara ashirin ke nan, shagon mazan nasu ko hayaƙi bai taɓa yi ba, sai ma ƙara buɗe wani da suka yi. Wa zai rubuta labarin waccan Rabin? Wannan karon zan karanta na ga ko littafin zai tsaya da ƙafarsa in an cire wutar. Abin dariya kuma, mu da ake zargi da kwaikwayon Indiya, a 2012 wani kamfani a can Indiya mai suna Blaft ya buga fassarar littafin nan da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Daga shi sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa. Waɗannan su ne irin littattafan da Malam Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, aka yi ta gwabzawa a jaridu a shekarun 1990, shi yana cewa ba su da nauyi ba za su daɗe ba, Malam Abdalla Uba Adamu yana kare su. A 2007 ina sakandare muka ji labarin hukumar A Daidaita Sahu ta tara irinsu an cinna musu wuta a Kano. Mu a lokacin a cikin bangon littafin lissafi muke ɓoye su, ana karɓar haya ana zagayawa da su aji-aji har su yi laushi kamar tsumma. Da na tashi ina jin sunan Malumfashi a matsayin maƙiyinmu. Yau in an tambaye ni sai na ce rabin maganarsa gaskiya ce, shaidata ajiyar zuciya 55. Rabin da bai gani ba shi ne goggona, wadda aji uku ta yi a firamare aka cire ta, da waɗannan littattafan ta koyi karatu har take rubuta wasiƙa da hannunta. Sumayya da Muhammad sun koya wa matan Rano da Kibiya haɗa baƙi fiye da yadda allon makaranta ya yi. Don haka ba da raini zan koma musu ba, ba kuma da kara ba. Anti Bilki tana son matanta su yi ilimi su yi tsafta su iya zama da miji, na yarda, amma ina so na ƙirga matan littafinta nawa ne suka taɓa rasa kuɗin sabulu.

Neman littattafan ma wani karatu ne. Na bi ta Bunkure na shiga Kano har kasuwar Sabon Gari. Na Zariya ba su yi wuya sosai ba tunda makarantu suna nema. Na shekarun 1990 su ne aiki, waɗanda a da ake zuba su kamar tumatir, yanzu masu shagon sai su dube ka su ce Hajiya ai an koma waya. A adakar goggona na samo biyu, gara ta ci gefe, ɗaya ma shafin ƙarshe babu. Takarda ce marar ƙwari aka buga su da ita, kuma ba wanda ya yi tunanin ajiya. Kuɗin kuwa daga adashin da na tara don bugun littafi na huɗu na ɗiba. Maigidan ya ce, "Wato kuɗin buga naki kika kwashe kika sayo na wasu?" Na ce e. Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba da sa'a, shi dai kada a taɓa na taki.

To ga amsarku, masu sallahu. Na huɗu ba zai fito bana ba. Yana nan a rubuce cikin leda a ƙarƙashin katifa, na riga na soke Dubai, yarinyar ta dawo Rano tana taya uwarta suyar ƙuli-ƙuli, sauran gyaran sai na ga abin da shekara ta koya mini.

Na goma sha biyu na bar wa ƙanwata ta zaɓa mini daga cikin nata na waya, wanda ta fi so duk a cikin 104, zan karanta shi sau biyu da biro kamar saura, domin a cikin masu rubutu a waya akwai masu hannu, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ta nuna haka. Ita kuma ta karɓi sharaɗina, za ta karanta Jiki Magayi in na gama, ta zo Rano ta ba ni labarinsa da baki ba tare da ta haɗa shi da na wani soja ba. Ta ce sirrin abu kamar wannan ai kafin ta sauke tukunya ta gama. Na ce Allah ya kai mu.

Saura guda ɗaya da ya gagare ni, Idon Matambayi. Na tambaya a Sabon Gari babu, na Malam wani ɗalibi ya ara tun shekarun baya bai dawo da shi ba, ga hunturu yana tafiya. Don Allah duk wanda yake da shi a adaka ko a kwali, a Rano ne ko Kibiya ko Tarai ko cikin birni, ko da bangonsa ya cire, ya bar mini sallahu wajen mai shagon da ya sayi wannan ɗan littafi. Aro nake so ba kyauta ba, sati biyu, kuma ba zan sa masa biro ba.